Lambun ƙungiya a tsakiyar bazara: me za a bari, me za a tuge?

Sakatariyar ƙungiya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin lambu. Ƙungiyarmu ta mata 24 ce, muna da lambu guda a gefen gari, ta yankin Kura a jihar Kano. Fangali 48 ne, kowa biyu, kowane fangali mita 2 ne a faɗi, mita 5 a tsawo. Tumatir 16, albasa 12, tattasai da attarugu 8, alayyahu 4, latas 4, kuɓewa 4. Rijiya ɗaya ce da injin fetur mai inci 2, da tanki mai cin lita 2,000.

Yanzu da Afrilu ya shigo, tankin sau ɗaya yake cika a wuni, da yamma sai injin ya riƙa tari yana jawo iska. Tumatir yana fure amma furen zubewa yake, 'ya'yan da suka kama wasu gindinsu ya yi baƙi, ganyen kuma duk ya yi tabo fari-fari kamar takarda. Albasa wasu sun kwanta, wasu suna tsaye. Rigima ta fara tashi a kan layin ban ruwa. Me ya kamata mu yi daga yanzu zuwa faɗuwar damina?

Malamin gona

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku fara da lissafin ruwa kafin ku taɓa magani ko taki, don duk sauran matsalolin a bayansa suke.

A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke kai maki 40, kowace murabba'in mita ta kayan lambu da suka girma tana shan kamar lita 6 zuwa 8 a wuni. Mu ɗauki 7. Fangalinku murabba'in mita 10 ne, wato lita 70 ke nan, kusan jarka uku ta lita 25. Fangali 48 yana neman lita 3,360 kullum, kuma wannan idan duk ruwan ya isa gindin shuka ne. In ta lambatun ƙasa kuke kora shi, wani kaso mai yawa a hanya zai nutse. Ku kuwa lita 2,000 ce a hannunku. Ta ishi fangali 28, ba ƙari. In kuka ce sai kowa ya samu, to kowa zai samu ɗan abin da bai kai ba, kuma wannan yayyafin shi ya fi kashe lambu: saman ƙasa ya jiƙe, saiwa ta taso sama tana bin danshi, rana ta buɗe ta gasa ta.

Saboda haka fangali 20 za su fita daga layi. Sa'arku ɗaya, mafi yawansu da kansu za su fita. Albasa 12 ta kusa cira, ba ta neman ruwa kuma. Latas 4 ku cire yau ku sayar. A wannan zafi zangarniya zai yi, ganyen ya yi ɗaci, ba mai saye. Saura 4, ku ɗauke su daga tumatir, ku zaɓi waɗanda ganyensu ya fi lalacewa. Ni da za a bi tawa, rabin tumatirin ma za a tuge.

Dalili kuwa, zubar furen nan ba cuta ba ce da za a yi wa feshi. Idan zafin rana ya haura maki 35, dare kuma bai sanyaya ba, ƙurar furen tumatir ba ta aiki, furen ya bushe ya faɗi. Irin UC82B da Roma da aka saba shukawa na sanyin hunturu ne. 'Ya'yan da suka riga suka kama za su nuna, amma kada ku sa ran sababbi masu yawa. Duk wanda ya sayar muku da magani ya ce zai tsayar da fure a maki 40, kuɗinku ya ci.

Baƙin gindi kuma daga ban ruwa yake. Sinadarin kalsiyam ruwa ne ke ɗauke shi daga ƙasa ya kai shi cikin ɗan tumatir. In yau an cika fangali, gobe da jibi an bar shi ya bushe ƙarau, ɗan da ke girma a kwanakin nan ba ya samu, sai gindinsa ya mutu. Ba ya yaɗuwa daga shuka zuwa shuka. Ku tsinke waɗanda suka yi baƙin ku zubar, ku daidaita ruwa, ku rage yuriya, don ita ganye take ƙarawa, ganyen kuma ya kwashe ruwan. Haka nan in an bar ƙasa ta bushe sannan aka tuttula mata ruwa, nunannun 'ya'ya tsagewa suke.

Lokacin ban ruwa: da asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. In ƙasarku jigawa ce mai rairayi, ku raba lita 70 ɗin biyu, safe da yamma. In laka ce, sau ɗaya ya isa, wani lokaci ma a tsallake kwana. Gwajin mai sauƙi ne: a tona zurfin yatsu har tafin hannu ya shige, a dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu ba ta wargaje ba, akwai danshi.

Sai rufe ƙasa. Ku shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu uku a kan fangalin da kuka bari, ku bar gindin shukar a buɗe kamar faɗin tafin hannu don kada ya ruɓe. Ɓuntu ba ya wuya a yankinku.

Mai gyaran injin ban ruwa

Hajiya, barka da aiki. Ni ta fannin injin zan yi magana, don ba lallai ne rijiyar ce ta ƙafe ba.

Irin wannan inji zuƙo ruwa yake, kuma komai ƙarfinsa ba ya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Tun daga mita 6 ma ruwan da yake bayarwa ya fara raguwa. Ku ɗaura dutse a igiya ku auna daga inda injin yake zaune zuwa saman ruwa, sau biyu: kafin a tayar da shi, da kuma lokacin da ya fara tarin. In kuka ga har yanzu da ruwa a ƙasa amma ya wuce mita 7, to injin ne ya kamata ya sauka. A haƙa masa rami mai zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi a gefen rijiya, a yi masa matattakala, a bar shi a buɗe. Kada kowa ya shiga da shi cikin rijiyar kanta, gubar da ke cikin hayaƙin fetur a wuri ƙuntatacce kisa take, ba wari ba gargaɗi.

In kuwa ruwan ne da gaske yake ƙarewa, rijiyar tana neman hutu. Inci 2 yana iya cika tankin nan cikin 'yan mintoci, ya kwashe abin da ya taru kafin ƙasa ta sake tsattsafowa. Ku rage masa wuta, ku ja sau uku a wuni kaɗan-kaɗan maimakon sau ɗaya da ƙarfi. A yi wa rijiyar yasa kuma, yanzu ne lokacinta da ruwa ya ja baya.

Abubuwa uku ne suka fi sa inji jawo iska. Na farko mesar zuƙa: in ta tsage ko bakinta bai matsu ba, ko ƙofar allura ce, iska za ta shiga. A naɗe mahaɗar da robar tayar keke sosai. Na biyu, bawul ɗin da ke ƙarshen mesar cikin ruwa, in yashi ya maƙale masa ba ya rufewa, ruwan ya zurare ya koma. A ɗaga shi daga ƙasan rijiya kamar taƙi biyu, kada ya kwanta a laka. Na uku, tayar da inji ba a cika masa tukunya da ruwa ba. Wannan shi ke ƙona sil ɗin da ke tsakanin inji da famfo, daga nan sai ki ga ruwa yana ɗiga ta ƙasa. Da zarar ya fara tari a kashe shi nan take.

Baƙin mai a duba kullum kafin a tayar, a canza shi bayan kamar awa 50 na aiki, don ƙurar bazara tana saurin ɓata shi. Soson iska a wanke duk mako. Kuma mutum biyu kawai su riƙa taɓa injin. Hannu 24 a kan inji ɗaya, ba zai ga damina ba.

Tsohon mai lambu

Sannunku dai. Malam ya yi lissafi mai kyau, amma akwai inda ban bi shi ba.

Tuge rabin tumatir a Afrilu, a duba kasuwa tukuna. Daga yanzu ne kwandon tumatir ke fara tsada a kasuwannin 'Yankaba da Kwanar Gafan, saboda na rani yana ƙarewa, na damina bai zo ba. Shukar da ke ɗauke da 'ya'ya kore masu girman ƙwai, ko guda goma ne a jikinta, mako biyu zuwa uku za ta biya ruwan da ta sha. Ku bi fangali-fangali ku ƙirga. Mai 'ya'ya a bar shi, wanda fure kawai yake yi yana zubarwa a tuge. Kuma kada a yi wa wanda aka bari aski, ganyen nan ko da tabo shi ke yi wa 'ya'yan laima. In aka tsige, rana za ta ƙona gefensu ya yi fari ya lotsa. A kakkafa karan dawa ko a jingina tsohuwar zana ta ɓangaren yamma, ta tare ranar azahar zuwa la'asar.

Batun rufe ƙasa, a yi hattara da karan gero da na masara, gara suke kira, in ta gama da kara sai ta koma kan gindin tattasai. Ɓuntu ya fi. A barbaɗa toka a gefen fangali.

Yanzu albasa, 'yata, nan ne kuɗinku yake, kuma nan aka fi yin ɓarna. Kada a bi ta ana takewa don ta kwanta, wuyanta ake ji wa ciwo, ruɓa ta shiga ta nan. A bari sai fiye da rabin fangali ya kwanta da kansa. Daga ranar a yanke ruwa, a ba ta kwana 10 zuwa 14. Albasar da aka cire da ruwa a jikinta ba ta ajiyuwa, ko wata ɗaya ba za ta yi ba. Da yake ba tare suka kwanta ba, ku yanke wa kowane fangali ruwa a ranarsa, ba sai an jira na kowa ba.

A cire da sanyin safiya. A jera ta layi-layi, lawashin wannan layi ya rufe kan na bayansa, don ranar bazara tana dafa albasa in ta same ta tsirara, ki ga ɓawon ya yi laushi kamar an zuba mata ruwan zafi. Kwana biyu ko uku a haka, sannan a kwashe zuwa inuwa mai iska ta ƙara kamar mako biyu. Alamar ta yi: ki murza wuyan da yatsu ki ji ya bushe ba santsi, ɓawon waje yana ƙara. Sannan a yanke lawashi a bar wuya kamar faɗin yatsu biyu. Wadda aka yanke dab da kai, ƙofa aka buɗe wa ruɓa.

A ware kashi uku. Mai kaurin wuya, da wadda ta yi zangarniya, da wadda fartanya ta sara, waɗannan a sayar ko a ci yanzu. Ƙanana daban. Masu tauri masu siririn wuya su ne na ajiya. A yi musu rudu, wato gado na kara a ɗage daga ƙasa kamar kamu ɗaya, da rufin ciyawa, kada a tula ta wuce tsawon hannu, kada kuma a sa a buhun leda. Duk mako biyu a juya a tsince ruɓaɓɓu. Mutanen Aliero ta jihar Kebbi da na Galmi ta Nijar da haka suke kai tasu lokacin da ta yi daraja. Lawashin ma ba abin zubarwa ba ne, a daka a shanya a yi gabu.

Kuɓewa da alayyahu su ne 'yan bazara, zafi ba ya damunsu in da ruwa. Kuɓewa kwana biyu-biyu ake tsinka, tana tsawon yatsa. In ki karya bakinta ta ɓalle ƙas, ta yi. In ta lanƙwashe, ta tsufa, a yanka a shanya. Guda ɗaya in aka bari ta ƙosa a jiki, uwar sai ta rage haihuwa. Da wuƙa ake yanka, a sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi. Alayyahu a yanke a bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, zai sake tohowa, a sake yanka bayan mako biyu. In ya fara kai, a tuge a sake sabo.

Malamin gona

Baba, na karɓi gyaran, a ƙirga 'ya'ya kafin a tuge. Sai dai da sharaɗi guda, kuma shi ne abin da ban kai gare shi ba ɗazu: tabon da Hajiya ta ce yana kama da takarda.

Hajiya, ki ɗaga ganyen ki duba shi ta hasken rana. In kika ga 'yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, da baƙin kashinta a gefe, to sharon ce, wadda ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, da dare take yawo, guda ɗaya tana iya saka ƙwai sama da 200, kuma a wannan zafi cikin wata guda ƙwan ya zama uwa. Tana huda 'ya'yan ma, galibi ta wajen hanci. Tsohon tumatirin da aka bari ba kulawa shi ne gidanta, daga nan za ta tsallaka kan sabon reno na damina. Don haka duk fangalin da za a bari a sa masa ranar tugewa, kada ya wuce mako uku. Wanda aka tuge kada a jibge shi a bakin shinge, kada a sa a ramin taki. A ƙona, ko a cusa a baƙar leda a ɗaure a bar shi a rana mako guda. A kafce fangalin kuma, don wasu a ƙasa suke kwanciya kafin su fashe. Kada gauta ko yalo su biyo baya a wurin, dangi ɗaya ne.

A lambun tarayya feshi na kowa da kowa ne ko kuma ba na kowa ba. In ke kin yi yau, maƙwabciyarki sai mako mai zuwa, ƙwarin ƙaura kawai suke yi su dawo. Rana ɗaya, da yamma, mutum ɗaya ko biyu su yi wa duka.

Na gida: 'ya'yan darbejiya busassu, a ɓare a daka ƙwayar, giram 500 a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulu a ciki. A fesa a ranar, har ƙarƙashin ganye, a maimaita duk kwana 5 zuwa 7. Ba ya kashewa nan take, cin abinci yake hana su, kuma ya fi aiki tun abin bai yi yawa ba. Yana taimakawa a kan darɓa da farin ƙuda ma. Da dare a ajiye faranti mai faɗi da ruwa da ɗan omo, a rataya fitila a kansa, da safe za ku ga yawan iyayen da suka faɗa, ku san inda kuke.

In sai an sayi magani, na sharon a nemi mai ɗauke da emamektin, kuma kada a yi ta maimaita iri ɗaya, tana saurin sabawa. Ku dubi tattasai da attarugu ma: in ganye ya yi ɗigo-ɗigo rawaya, ƙarƙashinsa da yana kamar ta gizo-gizo, ki kaɗa shi a kan farar takarda. In jajayen ɗigo suna motsi, jan gizo ne, shi kuwa maganin tsutsa na yau da kullum ƙara shi yake, don yana kashe ƙwarin da ke cinye shi. Nasa mai abamektin ne. Na farar wuta yana aiki amma yana ƙona ganye a wannan zafi, ku bar shi. Kowace kwalba an rubuta kwana nawa za a jira kafin a tsinka. A tsinke abin da ya nuna tukuna sannan a fesa, a kafa tsumma ja a fangalin har kwanakin su cika. Alayyahu da kuɓewa da ake ɗiba a kai a kai, darbejiya kawai. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da za a ci.

Mai sayar da kayan gwari

Hajiya, in ƙara kaɗan ta wajen ɗiba da rabo. Tumatirin kasuwa a tsinke shi yana fara ja, ba sai ya nuna luguf ba, da sassafe, a kai inuwa nan take. Kwandon da aka tula ya yi tozo, na ƙasa miya yake zama kafin a isa. Kiret na roba ya fi, in babu a rage cikin kwandon. Wanda ya nuna sosai a yanka a yi kauɗa, a kan tabarma ko buhu a bisa gado, ba a ƙasa ba, yashi ke karya mata kuɗi. Tattasai da attarugu da hancinsu ake cirewa, in aka fizge reshen ke karyewa. Ganye a yayyafa masa ruwa a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Rigimar layi kuwa, ba za ta mutu ba muddin wata tana ganin an kashe mata fangali an bar na wata. Ku zauna ku mayar da fangali 28 ɗin na ƙungiya daga nan zuwa damina. A raba mata 24 gida shida, huɗu-huɗu, kowane gida da ranar ban ruwa da ɗiba, ranar bakwai a yi gayya: cire ciyawa, gyaran lambatu, toshe shinge, don yanzu ne awaki suke sake kuma ba wani kore a gari sai naku. A samu sikeli da littafi, duk abin da aka ɗiba a auna a rubuta a gaban mutum biyu. A fara cire kuɗin fetur da baƙin mai da iri, sannan a raba. Albasa dai kowa ta riƙe tata, tunda ta riga ta gama shan ruwanta.

Sakatariyar ƙungiya

Allah ya saka da alheri, Malam, Baba, da ku duka. Na duba ganyen, tsutsar tana ciki. Fangalin da za su zauna ba komai fa, a bar su haka har ruwa ya sauka?

Tsohon mai lambu

A'a, 'yata. A kafce su a bar rana ta gasa ƙasar, tana rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli. Mako biyu kafin ruwa a zuba ruɓaɓɓen taki, kamar bokiti uku a fangali, a cakuɗa. Ɗanyen kashin kaji kada ya shiga, ƙona shuka yake. Inda tumatir ya tashi a sa masara ko wake ko alayyahu, inda albasa ta tashi a kai tumatir da tattasai.

Fangali ɗaya kusa da tanki a yi masa rumfar kara mai tsawon ƙugu a yi renon damina. Tattasai da attarugu mako shida suke yi kafin dashe, tumatir mako huɗu, don haka a fara zuba su tattasan, na tumatir kuma sai an tuge tsohon an ƙone. Na damina a kan kunya ake dasawa, ba cikin fangali ba, in ba haka ba ruwa ya kwanta musu. Ku buɗe wa lambun hanyar da ruwa zai fita tun yanzu, ku ɗaure tankin da kyau, ku duba rufin rudu. Iskar hadarin farko ba ta sallama, kuma tankin da ba ruwa a ciki shi take fara ɗauka.